Wainar da Yaya Asabe Ta Yi wa Matuƙiyar Jirgi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Asabe. Ba zan rantse cewa komai ya faru yadda zan faɗa ba. Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya.

Lokacin da nake jiran tafiya bautar ƙasa na sayi wani tsohon littafin Turanci a Sabon Gari. Ƙagaggen labari ne da aka jingina da tarihi, na wata mace matuƙiya a farkon zamanin jirgin sama, sa'ad da jirgi katako ne da yadi. Yaya ba ta jin Turanci sosai. Bayan la'asar nakan zauna a tsakar gidanta a unguwar Tudun Ƙofa da ke Keffi, ina karantawa ina faɗa mata da Hausa, ita kuma tana tsintar shinkafa.

Da muka kai inda matar ta tashi za ta ƙetare teku, sai Yaya ta ce in rufe littafin sai bayan Juma'a. Al'adarta ce, duk wanda ya kama hanya a gidanmu, ko nan kusa Garaku za shi, sai ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka don ya sauka lafiya. Ta yi wa wannan matar ma. Na yi mata bayanin cewa abin ya daɗe da wucewa, kuma wataƙila ba a taɓa yin matar ba.

Ta ce, "Kai da ka yi jami'a, ka tabbata ba a yi ta ba?"

Ban tabbata ba. Na ci waina biyu.

Yanzu 'yarta Nafisa tana son shiga makarantar koyon tuƙin jirgi. Mahaifinta ya ce zai bi abin da marigayiya za ta so, kuma tunda ni na karanta mata littafin, ni aka sa in ba da shaida a zaman dangi na ƙarshen wata. Abin ya dame ni. Na tuna Yaya ta ce, "Wace uwa ce ta bar yarinyar nan ta hau?" Ina jin kuma ta taɓa cewa da ita ce, da ta leƙa ta ga yadda Keffi take daga sama. Ban san wanne ta fara faɗa ba.

Abin da zan iya tsayawa a kai kaɗan ne. Ban ji ta roƙi Allah ya hana matar tashi ba. Sauka lafiya ta roƙa mata, ta kuma haɗa da waina.

Maƙwabta da dama sun karɓi sadakar nan, wasu sun tsaya hira da ita a bakin murhu. Duk wanda ya ji ta faɗi saɓanin haka, don Allah ya sanar da ni kafin ƙarshen wata. Idan ba wanda ya zo, zan faɗi abin da na gani, sannan in nemi mai soya waina.