Shirun da Muka Koya wa Balki

A ƙauyenmu na gefen Gummi, in an sauke tukunyar tuwo, Kaka Hajo ba ta bari garwashi ya mutu a banza. Takan tura dankali cikin toka, mu kewaye ta, ni da ƙanwata Balki da sauran jikoki. Ungozoma ce, rabin ƙauyen a hannunta suka faɗo. Kullum tafinta ƙamshin man shanu da hayaƙi yake yi.

"Ga ta nan tahe," takan ce.

"Ta iso mu ji ta."

Wadda ta fi so ita ce ta wasu mata biyu da suka roƙi aljanar tsamiya haihuwa. Aljana ta ba su, amma da sharaɗi: ranar naƙuda za ta laɓe bayan ɗaki, in ta ji kukan mai naƙuda ta karɓe abinta. Ta farko ta yi ihu, ta haifi kabewa. Ta biyu ta ciji bakin zane kwana uku, ta sami ɗa wanda ya cika mata gida da shanu.

"Kun jiya?" in ji Kaka, tana ɓare mana dankali. "Ɗiya mace ba ta ƙara bisa gwiwa. Haƙuri shi ka buɗe hanya."

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da Balki ta sami cikin fari. Mace ce cikakkiya, sai dai gajeriya, mai ƙaramin jiki. Wurin awo malamar asibiti ta ce tana zargin ƙugunta ya matse, ɗan kuma da girma. Ta ce mai yiwuwa ta haihu da kanta, amma naƙuda na tashi a kawo ta, in abu ya tsaya a yi mata aiki.

Mijinta ya yarda. Innarmu ce ta ƙi.

"Mi za a ce? Jikar Hajo an tsage ta?"

Balki ta dube ni. Ni da na haifi uku a ɗaki, na ce mata, "Daure, ƙanwata. Duk haka muka yi."

Kwana biyu tana durƙushe, muna ba ta rubutu da jiƙo. Ko nishi mai ƙarfi ba mu ji ba, Inna har yabonta take. Da safiyar na uku idanunta suka juye, muka nemi mota. Aikin da muka guje masa shi aka yi, aka ciro yaro ba rai. Ta dawo da yoyon fitsari, ta shekara tana shimfiɗa leda kafin a gyara ta.

Ba na ganin laifin Kaka. A zamaninta reza da addu'a kaɗai gare ta, sai ta ba mata abin da za su cije. Mu kuwa muna da hanya, kuma an faɗa mana tun da wuri.

Sau ɗaya Balki ta taɓa zancen, muna sussukar gero. Ko kai ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Yaya, tun ranar farko na san ɗan ba shi hita. Na so in ce ku kai ni. Kunyarki na ji."