Tatsuniyar da Ige Ke Yi a Tsaye

Bokona bai je ko'ina ba. Malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Ɗan abin da na sani na duniya a bakin murhun kakata Ige na tsince shi, a Argungu, shekarun da ake ta kiɗa wai Bature ya miƙa mulki. Da aka gaya mata an ba mu ƙasarmu, cewa ta yi ita tata ƙasar tana fadama, kuma ba Bature ke son karɓe ta ba, ɗanta ne.

Gaskiyarta. Tana da 'yar gonar shinkafa da mijinta ya bar mata. Babana masunci ne, mai magana ɗaya, ya ce ranar da ya ga jikinta ya gaza zai ba da gonar, ya kai ta Birnin Kebbi wurin ƙanwarsa ta zauna ta huta. Ige kuwa, hutun nan da kabari ɗaya suke a wurinta.

Jikin ya riga ya fara gazawa. Tana wuni tsaye cikin ruwa mai sanyi, sama rana na gasa ta, ba ta tsayawa ko kurɓar ruwa. Da dare ya yi sai naman sha-raɓarta ya ɗaure, ya dunƙule kamar curin fura, yatsun ƙafar su lanƙwashe. Ni kaɗai na sani, don a ɗakinta nake kwana. Sai ta zungure ni: "Maigida, tashi ka ja ma matarka yatsa. Miji ba amfani sai minshari." In kama babban yatsan in tanƙwaro shi sama har naman ya saki, ita tana cije da zani.

A ɗaki da sauƙi. Wahalar ita ce in abin ya kama ta a tsakar gida, bayan tuwo, mu yara mun kewaye wuta, Baba na gefe yana ɗinkin homarsa ta kamun kifi. Nan ta samo dabara. Da ta ji jijiya ta fara motsi sai ta ce, "Ga wata nan tahe da ƙahwa guda." Mu ce, "Ta iso ko da rarrafe!"

Wai wani falke ne mai ɗaukar busasshen kifi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Gulbi na gefensa, amma sauri bai barinsa ya sha ruwa, inuwa na kiransa bai zama. Sha-raɓarsa 'yan mata ne biyu, tagwaye. Kullum suna kai kuka, hayaniyar rana ba ta bari ya ji. Sai suka ce to mu bari sai ya kwanta. Yana miƙe ƙafa suka dunƙule. Ya yi ihu, ya ce mayu ne, ya kai wa boka akuya. Boka ya ci akuya, tagwaye suka ci gaba. Har wata tsohuwa mai sayar da kunu ta ce masa, "Wawa, ba maye a nan. Ƙishirwa suka ji, kuma ba ka taɓa gaishe su ba."

"Yaya aka gaishe su?" mu tambaya, alhali mun sani.

"Haka!" Sai Ige ta miƙe, ta dafa bango da hannu biyu, ta tura ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ta jingina gaba. "Sannunku da hanya, 'yan biyu. Sannunku da kaya." Mu duka mu jeru a bango muna gaida ƙafafunmu, muna dariya. Falke ya ba su ruwan ɗumi, ya murza su da man shanu, ya sha kununsa na kanwa, daga ranar bai ƙara kwanciya bai gaishe su ba. Kafin tatsuniya ta ƙare naman ya saki, ta zauna abinta.

Da farko jefi-jefi falken ke zuwa. Da yankan shinkafa ya matso, kusan kullum. Ran nan ta gama gaisuwa, ƙafa ɗaya ta saki, ɗayar ta kama. Ba damar zama. Sai ta ja tatsuniyar, ta yi wa falke aure tana jikin bango. Ta ba shi 'ya'ya, ta raɗa musu suna, zufa na ɗiga daga haɓarta cikin ɗarin nan. Dariyarmu ta mutu. Baba ya ajiye homa, ya sauke tukunyar ruwa daga wuta, ya tsoma tsumma, ya durƙusa ya naɗe mata ƙafar.

"Inna," ya ce, "falken ga ya gaji."

Fuskarta na bango ta ce masa, "Bari in yanke ta bana, Ɗan'ige."

Ya bari ta yanke. Bayan an sussuke ya kai ta Birnin Kebbi. Abin haushi, zaman tabarma bai hana ƙafar ɗaurewa ba, ashe ita jijiya zama ma fushi take da shi. Na je gaishe ta na roƙi falke, ta ce ya bar fatauci.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Yanzu da gemu ya yi fari na gane abin da Ige ta samu. Ni ma ina da 'yar fadamata a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, kuma tagwayena sun fi na falke rashin kunya. Ina shan ruwa, ina miƙe su kafin in kwanta, wani dare su bar ni, wani dare su tuna. Sai dai ni ban iya cije zani ba. Ihu nake zubawa har maƙwabta a unguwarmu Badariya su yi salati. Da safe in zauna ƙofar gida ina ɗingishi da gangan, ko cikin 'ya'yana wani zai ce, "Baba, ka gaji, kawo gonar." Su gaishe ni da kyau, su ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya buga babur ɗinsa ya tafi ofis.