Yayen Mangwaron Hajiya

Ni ban yi boko mai nisa ba, aji huɗu aka cire ni. Aikin lambun da nake ci da shi shekara da shekaru a Nassarawa GRA, ba wani malami da zai bugi ƙirji ya ce shi ya koya mini. A bakin murhun kakata na samo shi, a ƙauyenmu can arewa da Gumel, inda sai ka ja guga hannunka ya yi kanta kafin ka ga ruwa.

Iya Tabawa muke ce mata. Aikinta a dangi shi ne yaye. Duk yaron da ya isa a cire shi daga nono, wurinta ake kawo shi, ya yi ta tsala ihu, ta dama masa kunu, ta goya shi, har ya haƙura. Da an yi magariba an sauke tuwo, sai mu jikoki mu kewaye sauran garwashi, ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafa. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta harare ni ta ce, "Maigidan, yau ma ba ka kawo cefane ba. To ga ƙarya nan, ku ci ku kwanta." Mu ce, "A zubo, Iya."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta gwanda da kurna. Wai a wani gida gwanda ta tsiro a bakin rariya, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi kullum. Kurna kuwa tana bayan danga, ba mai waiwayarta. Gwanda ta yi ɓul-ɓul, ganye fato-fato, kullum tana leƙowa ta kan danga tana gori.

"Ke 'yar ƙaya, me kike lalube a ƙasa kamar wadda ta yar da allura?"

Kurna ta ce, "Ruwa nake tambaya."

"Ruwa? Ai ruwa shi ke zuwa wurin mutum!"

In Iya ta zo nan sai ta maƙale murya ta karkace wuya, mu yi ta dariya har gyaɗa ta ƙone. To, wata shekara mutanen gidan suka tashi suka koma kudu. Rariya ta bushe. Gwanda ta aiki saiwarta neman ruwa, ashe saiwar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba, ba ta san hanya ba. Iska ɗaya ta kwantar da ita, awaki suka gama da ganyen. Kurna kuwa har yau yara na jifanta suna tsintar 'ya'ya.

Sai Iya ta ce, "Gwanda ba muguwa ba ce, ba a yaye ta ba ne. Ƙaryata ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Gidan da nake aiki yanzu na wata Hajiya ne, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse garuruwa. Ta sa aka kawo dashen mangwaro mai aure guda shida, biyar da farko, ɗaya daga baya, na jera su a bayan gida. Shekarar farko na riƙe su kamar jarirai. Da damina ta biyu ta ɗauke sai na fara yayen biyar ɗin farko. Na yi wa kowanne gurbi a gindi kamar kwano, in cika shi taf, in rufe da busasshen ganyen darbejiyar da nake sharewa, in ƙyale shi kwana biyar, daga baya mako guda. Ruwa ya nutse, saiwa ta bi shi. Amma da rana ganyen kan ɗan langaɓe.

Masu gidajen nan kuwa, in ba su ji tiyo na zuba safe da yamma ba, to a ganinsu mai lambu barci yake. Hajiya ta fito ta gani.

"Malam Sale, burtsatse ce ta ƙafe ko hannunka ne ya mutu?"

Na ce, "Hajiya, yaye su nake yi."

"Yaye? Kai ka haife su?" Har mai gadi ya tuntsire da dariya. Ta ce, "To ka ji. In ɗaya ya mutu, ka ɗauki kekenka, kada in ƙara ganinka."

Ina da mata da 'ya'ya biyar a Tudun Murtala, kuma mai furfura irina ba a rububinsa a bakin get. Amma dariyar nan ta ci mini rai. Akwai ɗan ƙarami a cikinsu, na jikin katanga, inda zafin siminti ke dukansa. Shi daga baya aka dasa shi, na san bai isa ba. Don kada a ce na ji tsoro, na haɗa shi da yayyensa.

Bazara ta zo da gaske. Burtsatse ta ja baya, sai a kunna inji ya yi ta tari kafin a cika ko rabin tanki, kuma wannan na cikin gida ne. Ciyawar gaban gida ta koma kamar tsohuwar tabarma. A maƙwabta na ga dashen da ake shagwaɓawa kullum sun ƙone a tsaye. Nawa biyar ko gezau. Na jikin katanga kuwa, na kankare ɓawonsa da farce na ga ba sauran kore.

Na iya tuge shi in sayo wani in dasa, ba lalle ta gane ba. Ni kuma ba na wannan. Na je na yi sallama, na ce ta zo ta gani. Ta daɗe tana duban biyar ɗin, sannan ta dubi mataccen.

"Cewa na yi in ɗaya ya mutu."

"Haka kika ce, Hajiya."

"In ka tafi, wa ya san ranar shan waɗannan? Je ka nemo wani. Amma wannan karon, in lokacin yaye ya yi, ni za ka tambaya. 'Ya'ya shida na yaye, ban rasa ko ɗaya ba."

Ba ta ce sannu ba, ban kuma sa rai ba. A kan keke ina komawa gida na tuna abin da na yi shekaru ina tsallakewa. Na riƙe tatsuniyar a kan cewa wuya ita ke gyara komai, don hakan ya fi yi wa mutum irina daɗin ji. Amma Iya ba kowane yaro take karɓa ba. Sai ta ɗaga shi ta jijjiga, ta duba idonsa, wani ta miƙa wa uwar ta ce, "Mayar da abinki, bai isa ba." Ba ta taɓa yaye yaro don ta ci gardama ba.

Sabon dashen yana nan jikin katanga, na kafa masa zana tana tare rana. Safe da yamma nake ba shi ruwa, Hajiya na kallo ta taga. Jiya na ce mata ina ga ya kusa. Ta fito ta murza ganyensa a yatsa, ta ce a ƙara masa damina ɗaya. Na ce to.