Jakadan da Ya Riga Kowa Dashe

Ka taɓa ganin mutumin da ya tara gari uku, ya sa suka shafa fatiha a kan magana, sannan ya zama na farkon karya ta? In ba ka taɓa ba, ga Uwaisu na Tungar Lalle.

A fadamar da ke tsakanin Wurno da Goronyo aka haife shi, gidan manoma shinkafa. Ubansa ya bar masa gonar shinkafa mai fangali arba'in da injin ban ruwa ɗaya, ƙasar da ko malalaci ba ya rasa buhu goma sha takwas a cikinta. Sai dai tun yana saurayi bakinsa ya fi hannunsa aiki. Wata shekara ya tafi cin rani Sakkwato, ya samu aikin jera kujeru a wani otal inda wakilan ƙasashe maƙwabta suka yi taro. Daga bakin ƙofa ya ji ana ta ambaton haɗin kai da yarjejeniya, ya ga ana musabaha ana ɗaukar hoto. Ya dawo gida da kati mai igiya rataye a wuya, irin na ma'aikatan wurin, da kalmomi huɗu ko biyar da bai sake ajiye su ba. Daga nan sunansa ya koma Jakada. Don tsiya aka sa masa, shi kuwa ya amsa da gaske.

Ƙauyuka uku ke noman rani a fadamar: Tungar Lalle, da Gidan Zomo ta wajen Rabah, da Marken Gulbi ta wajen Goronyo. Abokin gabansu ɗaya, tsuntsun jan-baki. Kowane ƙauye yana dashe lokacin da ya ga dama, don haka shinkafa ke nuna bi da bi, tsuntsu ya gama da wannan ya koma wancan kamar wanda aka gayyata walima uku. In ƙauye ya kaɗa gwangwani, gonar maƙwabci ya tura su. An yi zage-zage a kan haka, har an taɓa fasa wa wani kai.

Maganin ba sabo ba ne, kakanni sun san shi: a yi dashe tare, shinkafa ta nuna tare, tsuntsu ya rarrabu, kowa ya yi asara kaɗan. Uwaisu ya ji wani tsoho ya faɗa, ya ɗauka ya mai da shi nasa. A nan kam a ba shi haƙƙinsa, ya yi zirga-zirga. Ya hau babur da ƙullin goro, ya bi ƙauyukan nan har ya zaunar da dattawansu a inuwar marke ɗaya. Ya miƙe, ya gyara katin wuyansa.

"Ku dubi ƙananan ƙasashe," in ji shi. "Wadda duk tat tahi wurin manya ita ɗai, tsinke ta, karya ta aka yi. In sunka haɗu kuwa, tsintsiya. To mu ma ƙasashe muke, ƙanana. Jan-baki shi na babbar ƙasa."

Baba Mode, wanda ya fi kowa shekaru a Marken Gulbi, ya tare shi. "Ɗana, rana ta yi, awaki na jira. Hwaɗa muna yaushe za a dashe."

Aka tsaida magana: babu mai dashe sai sabon wata ya tsaya, sannan kowa ya dasa a makon, in ta nuna a fita kora gaba ɗaya. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Uwaisu ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana musabaha, yana riƙe hannun mutum har sai an ɗauki hoto da waya.

Ba a daɗe ba matarsa Mas'uda ta zagaya bayan rumbu neman kaza, ta tarar da gadon iri kore shar, ya isa dashe.

"Malam, mi na wanga?"

"Iri na."

"Na ga iri na. Ba kai kac ce a jira wata ba?"

"Ke ba ki san siyasa ba. Ko can wurin manya, sa hannu daban, aiki daban. Shinkahwata za ta riga ta kowa shiga kasuwar Wurno, sabuwa, ita ɗai."

"To jan-baki hwa? Su ma ka kai musu goro?"

Ya ce hankalin mata bai kai nan ba. Tun wata bai ko kusa ba ya kwashe irin ya dasa, yana taƙamar gonarsa a kwana take, bayan kyauro, ba mai gani. A fadama har akwai abin da ba a gani? Kafin azahar labari ya kai Gidan Zomo da Marken Gulbi. Samari suka ce a je a tuge. Baba Mode ya ce a bar shi, mai hukuncin na tafe, yana da fiffike.

Ya kuwa zo. Lokacin da shinkafar Uwaisu ta fidda kai ta fara nono, sauran fadamar duk ganye ne zalla. Jan-bakin gari uku bai da wurin ci sai fangali arba'in. Suna tasowa kamar hayaƙi, su sauka, gona ta yi baƙi. Ya ja igiya ya ɗaura gwangwani, ya yi majajjawa har kafaɗa ta kumbura, ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar babbar rigarsa. Tsuntsu ya sauka a kan rigar ya huta. In ya kora gabas su zuba yamma. Muryar da ta cika inuwar marke ta dushe, ta koma ta ɗan akuya.

Da abin ya ishe shi ya hau babur, ya nufi Marken Gulbi, wai ya zo kiran taron gaggawa a taya shi kora, ai yarjejeniya ta ce a fita gaba ɗaya.

"Ta ce haka," in ji Baba Mode. "In ta nuna. Tamu ba ta nuna ba. Amma mun gode, Jakada. Baƙi sun zo daga babbar ƙasa, kai ka amshe su a madadinmu, ka ciyar da su. Aikin jakada ke nan."

Majalisa ta fashe da dariya. Ya juya babur bai yi musabaha da kowa ba.

Yanzu sai lissafi. Da shinkafar sauran ta nuna tare, aka fita kora tare, mai samun buhu ashirin ya samu goma sha bakwai. Uwaisu ya sheƙe tasa ya tashi da buhu ɗaya da rabi, rabin ma ƙaiƙayi ya fi yawa. Bai kai ko tiya ɗaya kasuwar Wurno ba. Mas'uda ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙulinta har damina. Katin nan yana wuyansa har yau, kuma in ka zauna da shi zai gaya maka ƙananan ƙasashe ba sa ci gaba saboda ba su da amana.

In kana da gona a fadama, gwada bana. Zagaya maƙwabtanka biyu ko uku, ku tsaida makon dashe ɗaya, ka ƙirga buhunanka ka gwada da na bara. Kafin ku shafa fatiha dai, a leƙa bayan rumbun wanda ya fi kowa iya jawabi.