Mai Bin Sawun Tsaga

Narelle, direbar bas ɗin ma'aikatan cibiyar nukiliya ta Sydney, ta rasa gane kan wani dattijo mai gajeren wando da doguwar safa. Kullum kafin ya zauna bayanta, sai ya ɗiga alƙalami inda tsagar gilashin gaban bas ɗin ta tsaya. An ce aikinsa hasashen yadda tsaga ke cin ƙarfen tukunyar nukiliya. Ko kofunan matarsa ma haka suke sha?

"Malam, gilashin zai fashe ne?" ta tambaye shi yau.

"Komai zai fashe, 'yar'uwa. Sanin yaushe, nan abincina yake."

"To, yaushe?"

Ya dubi ɗigon jiya, ya dubi na yau, ya wuce kujerar can ƙarshe ya zauna.