Neman Mutanen Baba a Ƙasar Daura

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena, da ledar biredin da babu wanda ya taɓa har muka dawo. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, gonarsa da shanunsa na Daura suka zama ba mai tsaya musu. Lauya ya ce a rubuta takardar wakilci da sunana, a haɗo masa lambobin waya da adireshin 'yan'uwa da aminan da za a tuntuɓa. Baba kuwa ya kafe, ba zai dangwala hannu ba sai amininsa Malam Idi na Mai'adua ya zama shaida.

Hanya ba laifi har Kazaure, sai dai kuɗin mota ya ninka, direba kuma ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, yana ta ba mu haƙuri kamar mu muka roƙe shi. Gero ya yi kyau a gonaki, amma ban ji daɗin kallonsa ba.

A Daura na gane Baba bai san mutum da adireshi ba, da wurin zamansa ya san shi. "Mai fatu na bakin masallaci," in ji shi. Mun sami bakin masallacin, mai fatun kuwa ya daɗe da rasuwa. A Sandamu, Gwaggo ta dama mana fura mai kauri, ta ba mu lambar maƙwabcinta don ita ba ta riƙe waya. Da na ambaci Malam Idi sai ta hau gyara ɗankwali, ta ce mu ƙara nono.

Babur muka hau zuwa Mai'adua, ranar kasuwa. Kara cike da shanu da raƙuma, dillalai na ta ciniki da mutanen Nijar. Malam Idi kaɗai nake da lambarsa tun farko, domin Baba na kiran ta duk Juma'a, ɗansa ya ɗauka ya ce Malam ya tafi masallaci, ko ya tsallaka iyaka. Ɗan nasa muka tarar a rumfar Malam Idi, zaune a kan buzun uban.

"Yaya, Malam ya rasu tun kafin azumi," ya ce, kansa a ƙasa. "Innarku ce ta aiko cewa mu ɓoye wa Alhaji, kada jininsa ya hau."

Muka yi salati. Muka shiga gida muka yi ta'aziyya, muka je maƙabarta muka yi addu'a. Duk hanyar dawowa ina shirya ƙaryar da zan yi, kowacce na ɗauko sai ta yi mini nauyi.

Da la'asar na tarar da Baba a jingine da matashi. Ban buɗe baki ba ya ce, "Ka yi musu gaisuwa?"

Na durƙusa kusa da shi, ya ci gaba.

"Idi ba ya kwana biyu bai neme ni ba. Na sani tuntuni. Ƙafa ce ba ni da ita, ku kuma kun hana ni kuka. Miƙo takardar."

Ya dangwala yatsa, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye.

Abin da na koya a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Mun ɓoye wa tsoho mutuwa don mu tausaya masa, ashe barin sa muka yi yana makoki shi kaɗai. Wakilcina na farko, tun kafin a sa hannu, ta'aziyya ce.