Na Je Zanzibar Ɗauko Kaneng

Jos zuwa Abuja

Na bar Naraguta gari bai waye ba, sanyi na ratsa rigar da na ɗora kan riga. Matata ta raka ni bakin titi da ƙullin acca da zan kai wa 'yarmu Kaneng. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Baban Gyang, ka dawo mini da ita." Na ce to.

Gyang ɗanmu ne, ƙanen Kaneng. Damina biyu da suka wuce ya shiga wanka a wani tsohon ramin kuza da ke bayan gonarmu, bai fito ba. Ni na yi ta nutso ina lalube cikin laka har na same shi. Ita kuwa Kaneng karatun kifi ne ya kai ta Zanzibar, ta kama aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa da ke ɗaukar masu hutu, tana shiga da su ƙarƙashin teku. Bayan rasuwar muka ce ta bar aikin. Ta ce in zo in gani da idona, in har ban sauya magana ba za ta biyo ni gida.

A shingen sojoji da ke kusa da Hawan Kibo wani soja ya taɓa ƙullin ya ce, "Baba, ina za a kai acca?" Na ce teku. Direbanmu ya ce, "Oga, ƙyale Baba, kifi zai je ya ciyar." Motar ta ɗauka da dariya. Muka tsaya cin masa a Akwanga, muka shiga Abuja da rana tsaka.

Zanzibar

Jirgin sama ya sauke mu Adis Ababa, wani ya ƙarasa da mu. Zafin garin mai ɗanko ne, ba irin namu ba. Kaneng ta durƙusa ta gaishe ni a tsakiyar mutane, ta yi baƙi ta yi ƙarfi. Ta tambayi Mama, ta karɓi accar ta sansana. Ba mu ambaci abin da ya kawo ni ba.

Jirgin ruwan nasu na katako ne. Da yake ni kafinta ne, sai da na bi shi ina ƙwanƙwasawa, kuma ban sami abin kushewa ba. A ciki ake kwana, a ciki ake girki. Ɗakina gado ne da 'yar taga, ba wurin juyawa. Mu baƙi ba mu kai goma ba. Matuƙin wani dattijo ne mai suna Juma. Ba ma jin yaren juna, amma kullum da safe zai miƙo mini shayi mai citta ya nuna mini inuwa.

Kan ruwa

Kwanakin farko zama na yi ina kallo. Kowa zai goya tukunyar iska, ya sa gilashi a fuska da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ba mai shiga shi kaɗai. Biyu-biyu suke tafiya, kuma sai kowa ya duba kayan ɗan'uwansa. Kaneng ce ke bi ta sake dubawa, har Turawan da suka haife ta tana ja musu ɗamara. In sun nutse, kumfarsu kawai ake gani. Ita nake bi da ido har su fito. Shinkafa da madarar kwakwa da kifi ake ba mu, amma ba na iya ci sai na ga kanta a sama.

Ana gobe za mu koma tudu, Juma ya tsaya da mu gefen wani tsibiri mai farin yashi, inda ruwan ba zurfi sosai. Kaneng ta ce, "Baba, yau kai ne." Ta daɗe tana koya mini, sannan ta ce, "Doka ɗaya ce babba. Kada ka riƙe numfashi."

Na ce, "Ni da na koya miki iyo?"

Ta ce, "Shi ya sa nake maimaita maka. Nutson rami ka sani, ka cika ƙirji ka rufe baki. A nan in ka taso da iskar tukunya a rufe, kumbura take yi ta yaga huhu."

Muka bi igiyar da aka zura daga jirgin muka sauka. Ban taɓa sanin ana gani a cikin ruwa haka ba. Ga kifaye masu launin ɗorawa da shuɗi, ga wani kunkuru yana cin abincinsa bai kula mu ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai takalmina ya bugi ƙasa, yashi ya tashi, ruwan ya gurɓace. Ban san lokacin da hannuwana suka fara lalube ba. Ƙirjina ya rufe kamar yadda ya saba, na buga ƙafa zan yi sama. Kaneng ta damƙe ɗamarata. Na fizge, ba ta saki ba. Ta kawo fuskarta daf da tawa, ta ɗora tafinta a ƙirjina tana dannawa a hankali. Kumfa na fita daga bakinta, ni babu. Na saki. Na ja, na sake saki. Muka hau igiyar kaɗan-kaɗan, hannunta na riƙe da ni har sama.

A kan jirgi ta cire mini gilashin ta ce, "Me na ce maka, Baba?"

Na ce, "Kin faɗa."

Muka zauna. Can na ce, "Shi Gyang, ranar ba kowa kusa da shi." Ta ce, "Na sani." Juma ya ajiye mana shayi ya koma wurinsa.

Komawa

Ta hana ni hawa jirgin sama sai da na ƙara kwana a tudu, wai haka ƙa'idar take ga wanda ya yi nutso. Da safe ta zo masaukina da babbar jakarta a ɗaure, kamar yadda ta yi alkawari. Na ce, "Mai da ita jirginku." Ta tsaya tana kallona. Na ce, "Mutane na jiranki. Allah ya yi miki albarka." Ta durƙusa, ta daɗe ba ta tashi ba.

A Hawan Kibo kunnuwana suka toshe, na kama hanci na hura yadda ta koya mini. Na isa Naraguta da yamma. Matata ta fito, ta dubi bayana, ta dubi titi.

Ta ce, "Ina take?"

Na ce, "Tana wurin aikinta. Na shiga ruwan, ita ta fito da ni."

Ta sake duban titi. Sannan ta ce, "Ta ci accar?" Na ce ta ci, har ta dafa wa mutanen jirgi. Ta karɓi jakata ta shiga gaba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Juma da shayinsa, da maƙwabtan da suka zauna da matata ba na nan.